Asibiti na bakin ƙofarmu, amma sai ciwo ya ci ƙarfinmu muke shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi wa 'yan'uwana Hausawan Legas magana a kan gwajin ciwon daji, domin abin ya taɓa ni a cikin gida.

Yayata ta yi shekara ashirin a Idi-Araba. Daga ƙofar gidanta zuwa asibitin koyarwa na LUTH, ko kuɗin keke ba sai ka kashe ba. Wata rana tana wanka ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, bai kai girman gurjiya ba, ba ya kuma ciwo. Ta yi shiru. Da ya girma ta faɗa wa wata maƙwabciya, aka haɗa ta da mai magani, ya ba ta garin shafawa da na sha a kunu, ya kuma ja mata kunne da maganar nan da kowa ya sani: wai daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda allura ta taɓa ta. Ni kaina sai da na ga ta daina ɗaga hannu ta ɗauko tukunya daga kan kanta na tsare ta da tambaya. "Ƙanena, wannan ba zancen da ake yi da namiji ba ne," in ji ta. Ranar da muka kai ta, likita ya duba, ya ɗago ya tambaye mu ina muke tun tuni. Allah Ya jiƙanta, ba ta kai azumin da ya biyo baya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 2019 aka buɗe cibiyar kula da masu sankara ta NSIA, wato hukumar zuba jari ta gwamnatin Najeriya, a cikin LUTH ɗin nan. Mutane na zuwa daga jihohi masu nisa, mu da ke bakin katanga kunya da jita-jita sun ɗaure mu.

Sankarar mama ce ta fi kama matan Najeriya, sai ta bakin mahaifa. Ita ta biyun ma ana iya gano alamunta shekaru kafin ta zama ciwo, da gwajin da ba ya cin minti goma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara yi daga shekara 30. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma tun Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. A layinmu na ji uba yana rantsuwa wai allurar hana haihuwa ce. Na kai 'ya'yana biyu an yi musu.

Mu maza kuwa namu ya fi muni, don mu ne masu ba da izini da kuɗin mota, ga shi kanmu ma ba ma dubawa. A kasuwar Mile 12 inda nake sayar da albasa, dattijo zai tashi fitsari sau biyar a dare, ya ce sanyi ne, ya sayi jiƙo a gora. Ba kowane irin wannan ne sankara ba, sau da yawa kumburin furostet ne na tsufa, wato gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, amma likita ne zai bambance. Na yi gwajin PSA, na duba lafiyar furostet, bara. Jini kaɗan aka ɗiba a hannu, shi ke nan.

Roƙona, Malam Edita, kada ku jira 4 ga Fabrairu, ranar sankara ta duniya, kafin ku tabo zancen. Galibin faɗakarwar da ake yi a Legas da Turanci ne ko Yarbanci, matanmu na cikin gida ba ta isa gare su. Ku samo likita mai jin Hausa ya riƙa amsa tambayoyi a shafinku. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da limamanmu su nemi a kawo gwajin makarantun Islamiyya, kuma ma'aikatan jinya mata su duba mata. Da an yi haka a lokacin, na san Yaya da ta je.

Naku,
Wani mai sayar da albasa, Mile 12, Legas