Adashen komawa makaranta ya zame min bala'i, dan Allah a bani shawara

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ki ɓoye sunana dana unguwarmu, kawai kice daga Kano. Wallahi kwana uku kenan ban runtsa ba, ranar Litinin ake komawa makaranta ni kuma gani da kuɗin mutane a wuyana, jiya har tsakar gidana wata tazo ta kirani macuciya a gaban ƴaƴana, ni da na fara abin nan don taimako.

Bari in fara daga farko. Kinsan tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk shekara in Satumba ta doso hankalin iyaye tashi yake, ga kuɗin makaranta na zangon farko wanda shine yafi kowanne nauyi, ga yunifom ga sandal da safa ga jaka, ga littattafan nan da ake rubutu a cikinsu wanda ƙani bazai gaji na yayansa ba dole sai sabo, a da littafin Turanci ɗaya mu huɗu muka yi amfani dashi a gidanmu, yanzu kuwa ina. Ga kuɗin adaidaita ga kuɗin tara kullum, ga Islamiyya ita ma da nata hijabin. Bara da idona naga yaran maƙociyata sun yi sati biyu a gida saboda takalmi kawai. Shine nace da matan layinmu mu yi adashe na musamman saboda makaranta, mu goma sha biyu, kowa dubu uku duk Juma'a, kwasa dubu talatin da shida, muka fara farkon Yuni yadda zai ƙare kafin a koma. Su suka ce ni zan riƙe, ban roƙa ba, Allah shine shaidata.

To akwai wata a cikinmu, maman ƴan biyu muke ce mata, tun farko raina bai kwanta da ita ba don kowa yasan halinta na bashi, hatta mai kayan miya baya bata. Tazo da kuka wai ɗanta ba lafiya in bata kwasa ta biyu, na bata. Tayi zubi huɗu daga nan shiru. In na aika yaro ace bata nan, in na kira waya tace gobe zata yi transfa, yau sati takwas kenan, dubu ashirin da huɗu. Amma Anti bikin ƙanwarta da aka yi a watan jiya anko kala biyu tayi harda leshi, na gani a sitatus ɗinta.

Ita wadda tazo ta zageni ba ita bace fa, wata ce daban, mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce ya bar mata yara huɗu, babban ne zai shiga JS 1 bana. Ni ina tausayinta wallahi, sau nawa nake zuba mata abinci ba tare da kowa ya sani ba, ko da azumi saida na kai mata gero da sukari. Ita ta kwashi nata tun Yuli amma tace in ajiye mata kar ta taɓa, su uku suka yi haka. To duk satin da maman ƴan biyu bata kawo ba a cikin wannan ajiyar nake cikawa don kar adashen ya watse, ina tunanin ai zata biya in mayar. Me zanyi? In ce da mai kwasa kuɗinta bai cika ba?

Sai maganar yadi. Yawancin yaranmu makaranta ɗaya suke, wata mai zaman kanta nan bayan layinmu, naga in kowa ya saya shi kaɗai akwai tsada, gara a je Kantin Kwari a ɗauko bandir a raba, ƙanina tela ne zai ɗinka mana da sauƙi. Na faɗa a gurup ɗinmu na WhatsApp, mutum biyar suka ce eh, sauran basu ce komai ba, ni kuma na ɗauka shirun amincewa ne. Na ɗauki dubu arba'in a cikin ajiyar nan naje da kaina cikin rana, har da cunkoson nan na Kwari, kuɗin motata ma daga aljihuna. Har an yanka na yara tara. Kawai satin da ya wuce makarantar ta turo takarda wai an canza kalar yunifom, kuma a wajensu kaɗai za a saya saboda bajo a jiki yake. Ba sanarwa tun kafin hutu ba komai. Na koma wajen mai yadin yace yankakke baya komawa, ragowar ma sai dai ya karɓa da ragi.

Yanzu dai kuɗin marayun nan dubu tara ne ya rage a hannuna. Eh nasan ita bata cikin waɗanda suka ce eh, yaranta ma ba a makarantar suke ba ta gwamnati suke, amma ai niyyata in an karɓi yadin kowa ya biya in mayar mata kafin ta tambaya. Tace taso taje Ƙofar Wambai ta ɗauko musu takalma da jakunkuna na gwanjo, ta biya Sabon Gari ta sayi littattafan rubutu dozin, yanzu na hanata, in ban bata ba kafin Asabar wajen mai unguwa zata kaini ko Hisbah. Tana faɗa tana kuka, autata ta riƙe min zani ita ma ta fashe da kuka.

Abin da yafi damuna ma Abbansu bai san ina riƙe adashe ba. Tun wani da aka yi shekarun baya aka samu rigima ya rantse in na ƙara riƙe kuɗin mutane sai na tafi gidanmu. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, albashin bai wuce mafi ƙarancin nan na dubu saba'in da ɗaya da ɗan wani abu ba, kuɗin makarantar yaranmu uku ma rabi ya haɗa, ni nace masa zan ji da yunifom da littattafai, yana ta sa min albarka bai san da me na dogara ba. Tawa kwasar kuma ta tafi a magani lokacin da Innarmu ta kwanta.

Yayata tace in saida ɗan kunnena na gwal, shi kaɗai ya rage min cikin kayan aurena. Ƙawata kuma tace in tara matan duka in faɗi gaskiya a raba asarar tunda makaranta ce ta jawo, amma ina tsoron bakin matan nan, kafin magariba maganar ta isa majalisarsu Abbansu.

Anti ni fa so nake in san ya zanyi da maman ƴan biyu, in na kaita wajen mai unguwa ai nima asirina ya tonu. Kuma ya halatta ta ci kuɗin nan tana kallona? Sannan yarana in na mayar dasu ta gwamnati bana kawai zuwa in farfaɗo, babbar tana aji shida zata yi kwaman entiran, zai cutar da ita? Ko in fara gaya masa ne yau da daddare kafin yaji a waje? Dan Allah ki amsa min kafin Asabar, yadin ma yana nan a ƙarƙashin gado na lulluɓe shi da tsohon bargo.