Tarin taurari kaɗai bai ba 'yan matan UConn kofi 12 ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasanni don in yi magana kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Jami'ar Connecticut da ke Amurka, wadda aka fi sani da UConn Huskies. Duk lokacin da aka ambace ta, sai ka ji masu sharhi na cewa ai ba wani abu ba ne, ta kwashe 'yan wasan da suka fi kowa ne. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ba ta bayyana dalilin da ƙungiyar ta yi shekara tara, daga 2016 zuwa 2025, ba kofin gasar jami'o'in ƙasar ba, alhali taurarin na nan.

Kafin 1985 babu mai lissafi da ita. A shekarar ce aka ɗauko Geno Auriemma, haifaffen Italiya, ya zama koci, ya zo da mataimakiyarsa Chris Dailey, kuma a lokacin kaka ɗaya tak ƙungiyar ta taɓa gamawa da nasara fiye da rashin nasara. Shekara goma bayan haka, a 1995, ta buga wasa 35 ba a doke ta ba, ta lallasa Tennessee ta koci Pat Summitt da ci 70 da 64 a wasan ƙarshe. Daga nan kofunan suka riƙa zuwa: 2000, sai uku a jere daga 2002 zuwa 2004, sai 2009 da 2010, sai huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016, waɗanda 'yar wasanta Breanna Stewart ta zama gwarzuwar gasa a dukkansu. Sau shida ta kammala kaka ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Ta yi nasara 90 a jere har Stanford ta tsayar da ita a Disambar 2010, sannan ta zarce wancan da 111 tsakanin 2014 da 2017.

Wanda zai fahimci yadda aka yi haka sai ya fara da lissafin wasan. Wasan mata na jami'o'in Amurka minti 40 ne, an raba shi kashi huɗu na minti goma-goma tun kakar 2015. 'Yan wasa biyar ne a fili, ke nan minti 200 koci zai raba wa mutanensa. Kowace ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo. 'Yar wasa ta yi laifi biyar, ta fita ke nan. Ƙungiya kuma ta tara laifi biyar a kashi ɗaya, abokan karawa su fara samun jifan kyauta biyu. Salon UConn kuwa na cin ƙarfi ne: da zarar an cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, sai a zura da gudu kafin masu tsaro su koma gida. Idan ba a samu kafa ba, ba a tsayawa ana buga ƙwallo a ƙasa ana neman bajinta. Mai bayarwa ta bayar ta kutsa wajen kwando, wata ta cike gurbinta, doguwar cikinsu ta fito kusa da layin jifan kyauta ta karɓa ta raba. Mai jifa mai kyau tana miƙa wa wadda ta fi ta sarari. Wannan ba baiwa ba ce, maimaici ne a atisaye har jiki ya saba, kuma yana buƙatar ƙafafu masu hutu. Raba minti 200 ga mutum tara, kowa ya sami kusan 22. Raba wa shida, ya haura 33. A nan gizo ke saƙar.

Shan kashin 2017 da 2018 ba su da dogon bayani. Mississippi State ta yanke jerin 111 da ci 66 da 64 a ƙarin lokaci, da jifan Morgan William daidai ƙarar ƙararrawa. Shekara ta zagayo Arike Ogunbowale ta Notre Dame ta yi musu irin haka, 91 da 89. Ƙungiyar da ta saba gama da abokan karawa tun kafin hutun rabin lokaci ba ta cika samun gogewar daƙiƙar ƙarshe ba, a ganina.

Abin da ya biyo baya ya fi koyarwa. Tauraruwarsu Paige Bueckers ta tsinka jijiyar gwiwa a Agustan 2022, kakar ta wuce ba ta taka fili ba. A Janairun 2023 sai da aka ɗage wasansu da DePaul saboda ba su da lafiyayyun 'yan wasa bakwai da dokar rukuninsu ta gindaya. A Fabrairu aka doke su sau biyu a jere, abin da rabon da a gani tun 1993. Da aka zo gasar ƙasa, Ohio State ta matsa musu tsaro tun daga ƙarƙashin kwandonsu, mutum biyu na rufe mai ƙwallo a gefen layi, suka zubar da ƙwallo sau 25, aka fitar da su 73 da 61. Maganin irin wannan matsi sananne ne: a sa mutum a tsakiyar fili, kada a buga ƙwallo zuwa lungu, a yi bayarwa gajera. Amma sai da masu riƙe ƙwallo biyu ko uku da ba su gaji ba, su kuwa ba su da su. A nan jerin zuwansu zagayen huɗun ƙarshe sau 14 a jere ya tsaya.

A kakar 2023 zuwa 2024 Azzi Fudd ce gwiwarta ta tsinke, wasu ma suka bi ta jinya, duk da haka suka kai wasan kusa da na ƙarshe da Iowa. Nika Mühl ta UConn ta manne wa Caitlin Clark, tauraruwar Iowa, ta tsayar da ita a maki 21. Saura kimanin daƙiƙa huɗu, UConn na baya da maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu. Aaliyah Edwards ta zo yi wa Bueckers katanga, wato ta tare mai tsaronta da jiki don ta kuɓuce mata, sai aka busa wa Edwards laifi. Dokar katanga a fili take: ki tsaya cak kafin a yi karo, ƙafafu kada su wuce faɗin kafaɗa sosai, hannuwa a jiki, ba miƙa gwiwar hannu ko ƙugu. Edwards ta buɗe ƙafa, jikinta bai gama tsayawa ba. Mutane sun yi ta cewa ba a busa irin wannan a ƙarshen wasa. Ni dai ban ga inda littafin doka ya ware daƙiƙar ƙarshe ba. Kuma sau da yawa laifin mai gudu ne, idan ta tashi kafin katangar ta kafu. Iowa ta yi nasara 71 da 69.

Da lafiya ta samu, sai ga sakamako. A Nuwamban 2024 Auriemma ya yi nasararsa ta 1,217, ya wuce Tara VanDerveer a matsayin kocin da ya fi kowa nasara a ƙwallon kwandon manyan jami'o'in ƙasar. Ranar 6 ga Afrilun 2025, a birnin Tampa, suka haɗu da South Carolina a wasan ƙarshe, wadda ta hana su kofi a 2022 da ci 64 da 49. Wannan karon Bueckers ba ta ɗauki kayan ita kaɗai ba: ta ci 17, Fudd ta ci 24, sabuwar shiga Sarah Strong ta ci 24 ta kuma cafke ƙwallo 15. Duk wadda aka rufe, akwai biyu a sake. Aka tashi 82 da 59, UConn ta ɗauki kofi na 12.

Don haka ina kira ga masu rubuta mana labarin wannan wasa, idan za su kawo sakamako, su ƙara mana layi uku ƙarƙashin makin: mutum nawa koci ya sa a fili da mintocin kowa, sau nawa aka zubar da ƙwallo, da ƙwallo nawa aka ci ta hanyar bayarwa.

Na gode, Edita.

Naku,
Mai bibiyar ƙwallon kwando