Hatimi da kujerar da ba kowa: shugabannin gidan zuhudu na Bury St Edmunds

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafinka domin mu gyara wata fahimta da ta yaɗu, cewa shugabannin gidajen zuhudu na Kirista a Ingila ta dā mutane ne da suka juya wa duniya baya, ba su san komai ba sai addu'a. Wanda ya bi tarihin gidan Bury St Edmunds da ke yankin Suffolk zai ga cewa shugaban, wanda ake kira abot, wato uba, alƙali ne, mai karɓar haraji ne, kuma hakimi ne da sarki ke bin sa barade 40 duk lokacin yaƙi.

A 1020, zamanin Sarki Cnut, aka zaunar da masu zuhudu a wurin da kabarin Sarki Edmund yake, wanda mayaƙan Denmak suka kashe a 869. Abot na farko shi ne Uvius. Amma wanda ya ɗaga gidan shi ne Baldwin, Bafaranshe, likitan sarakuna, da ya yi mulki daga 1065 zuwa 1097. Shi ya fara babbar majami'ar dutse, ya yanka titunan gari a miƙe, har ƙidayar ƙasa ta 1086 ta rubuta gidaje 342 a filin da a dā gona ce. Da bishop na yankin ya so ya mayar da gidan mazauninsa, Baldwin ya tafi Roma ya samo takardar kariya daga Fafaroma.

Inda gizo ke saƙa shi ne rabon dukiya. Tun farkon ƙarni na 12 aka raba ƙasashen gidan biyu, kason abot daban, na 'yan majalisar gida, wato sauran masu zuhudu, daban. Dalili kuwa, idan abot ya mutu, sarki ke cin amfanin kasonsa har a naɗa wani. Saboda haka sarki ba ya gaggawa. Rabon ya tsare abincin masu zuhudu, amma ya haifar da wata cuta: kowane mai riƙe da ofis, daga mai kula da rumbu zuwa mai kula da gini, ya zama yana da asusunsa da hatiminsa, yana cin bashi da sunan gida ba tare da sanin kowa ba.

A zamanin Abot Hugh, 1157 zuwa 1180, wannan ya kai maƙura. Dattijo ne mai kirki, idanunsa sun raunana, fadawa na gaya masa komai lafiya. Jocelin na Brakelond, ɗan gidan da ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ya kawo misali: an ranci mak 40 domin gyaran wani ɗaki da ya rushe (mak ɗaya kashi biyu cikin uku na fam ne), kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya kai fam 100, aka kuma sake cin wani bashin a kai. Hugh ya faɗo daga doki a hanyar ziyara zuwa Canterbury, ya rasu a Nuwamba 1180, kujera ta zauna ba kowa fiye da shekara guda.

Yadda aka zaɓi magajinsa ya cancanci a tsaya a kai. Sarki Henry II ya ce mataimakin abot ya zo da mutum 12. Kafin su tashi, aka ware mutum 6 suka rantse, suka rubuta sunaye 3 a asirce, aka liƙe takardar da hatimi. A gaban sarki aka buɗe. Ya nemi a ƙara wasu 3 na gida, sannan 3 daga wasu gidajen, aka yi ta soke suna ɗaya bayan ɗaya har saura biyu, mataimakin abot da Samson, wani ƙaramin jami'in gini. Aka tsayar da Samson a Fabrairu 1182. Sarki ya ce bai san shi ba, kuma in ya ɓata, su zai kama.

Samson ya tarar da bashin fam 3,052 da mak ɗaya, ban da ruwa. Ya tara hatiman da ke hannun 'yan gida, aka ƙirga 33, ya karɓe su, ya hana a buga wa kowace takardar bashi hatimi sai a gaban majalisa. Ya sa aka rubuta kowace gona da abin da ake bin ta, ya karɓe ƙauyuka daga hannun 'yan haya masu sakaci, cikin shekara 12 ya biya bashin. Muna ganin babu kamarsa a jerin. Sai dai ba za mu rufe ido ga 1190 ba: bayan an kashe Yahudawa 57 a garin, maimakon ya kare waɗanda suka tsira, sai ya nemi izinin sarki ya kore su. Wannan zalunci ne. Samson ya rasu a ƙarshen 1211, kuma wanda aka zaɓa bayansa a 1213, Hugh na Northwold, sai a 1215 Sarki John ya amince da shi.

Daga baya rigimar ta koma tsakanin gida da gari. A 1327 mutanen gari, da suka gaji da haraji da kotun abot, suka fasa ƙofa, suka tilasta wa Abot Richard na Draughton sa hannu a takardar 'yancin gari. Daga bisani ma aka sace shi zuwa Brabant, wani yanki da ke ƙasashen Beljiyam da Holan na yanzu. A boren manoma na 1381 ana tsakiyar jayayya kan kujerar abot, sai masu bore suka fille kan mataimakin, John na Cambridge.

Na ƙarshe shi ne John Reeve. Ranar 4 ga Nuwamba 1539 ya miƙa gidan ga jami'an Sarki Henry VIII, wanda ya rufe gidajen zuhudu na ƙasar, aka yanka masa fansho na mak 500 a shekara, bai ci ba sai 'yan watanni, ya rasu a 1540. A 1903 masu tono suka gano kaburburan abot 5 a ƙasan zauren majalisar gidan, na Samson na cikinsu.

Mun gode da ba mu fili.

Naka,
Wasu malaman tarihi