A bar gansakuka ta zauna a lambunan gidajenmu

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tsiro da yawancinmu ba ma ɗaukarsa tsiro, wato gansakukar da ke fitowa a kan ƙasa da gindin katanga idan marka ta kankama a watan Agusta. A nan Katsina da zarar ta yi kore sai a tura yaro da fartanya ya kankare ta, wai ƙazanta ce. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, yanzu ɗan lambun bayan ɗaki nake lallaɓawa, kuma ina ganin muna tafka asara da hannunmu.

Ba koren nan mai yauƙi da ke yawo a kwata ko kududdufi nake nufi ba. Ina nufin wadda ke lafewa a ƙasa mai laima, mai laushi kamar karammiski, wadda in ka durƙusa ka duba za ka ga 'yan mitsi-mitsin ganye gare ta. Ba ta da saiwa irin ta sauran tsirrai, 'yan zarurruka ne kawai take maƙale ƙasa da su, ruwa kuma ta jikin ganyenta take sha. Saboda haka ba ta cin abincin zogale ko na'a-na'ar da ke kusa da ita. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. In ta ƙosa sai ta fitar da siririn tsinke mai ɗan ƙulli a kai, ƙullin ya fashe, iska ta kwashi garin da ke ciki ta kai wani wuri mai danshi.

Ƙasarmu rairayi ce, kuma ruwan farkon damina da ƙarfi yake saukowa. In ɗigon ruwa ya bugi ƙasa tsirara, sai ya farfasa samanta, ta bushe ta yi ɓawo, ruwan da ya biyo baya ya kasa shiga, ya gangara waje da ɗan takin da mutum ya wahala ya zuba. Inda gansakuka ta rufe, ita take karɓar bugun, ruwan ya tsaya ya nutse a hankali. Tana kuma tare ƙurar hunturu, in ƙasanta ya ruɓe ya zama sabuwar ƙasa.

A lambuna akwai wani lungu a arewacin katanga, ƙarƙashin lemun tsami, inda indararo ke zuba. Da rani rana takan karkata kudu, shi ya sa wannan gefen ya fi daɗewa da inuwa. A watan Maris gansakukar wurin takan ƙeƙashe ta koma ruwan ƙasa, kowa ya gani zai ce ta mutu. Na kira jikata na ce, "'Yar nan, ɗauko buta ki yayyafa a nan." Ba mu bar wurin ba sai ga ganyen yana buɗewa, koren yana dawowa a gaban idonmu. Ta ce, "Kaka, da ma barci take yi?" Allah ya halicce ta tana iya bushewa ƙayau na tsawon watanni sannan ta farfaɗo da ta samu ruwa. Tsiron da ke da wannan haƙuri ai na ƙasarmu ne. A gefen lungun nan nake dasa ɗoɗɗoya da na'a-na'a, kuma in na tura yatsa washegarin ban ruwa nakan tarar da sanyi, alhali tsakiyar lambun ta riga ta bushe.

Masana sun ƙidaya nau'in gansakuka wajen 12,000 a duniya. A shekarar 2023 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin David Eldridge na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a dukkan nahiyoyi, har da hamada. Sun ƙiyasta cewa ta rufe fili fiye da murabba'in kilomita miliyan 9, wato kusan faɗin Najeriya sau goma, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fi ƙasa tsirara sinadaran gina tsiro, ta kuma fi ta ƙarancin ƙwayoyin cutar amfanin gona. A birnin Kyoto na Jafan akwai lambun Saihoji mai nau'i wajen 120, mutane na zuwa kallo daga ƙasashe. Ba cewa nake mu kwaikwaye su ba, don daminarmu 'yan watanni ce. Wadda Allah ya tsirar mana a gida ita ce ta san zafinmu, kuma kyauta take zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yayin da ake yi na malale tsakar gida da siminti ko intalok tun daga ƙofa har bango. Gidan ya ɗauki zafi da bazara, ruwan sama kuma bai da wurin shiga sai ya fita titi ya tarar da na maƙwabta. Da magina za su riƙa barin ko taku biyu na ƙasa a gindin katanga, da an samu wurin shuka, gansakuka ma da kanta za ta zo.

Kula da ita ba wuya. Kada a kafta wurin, kada a share shi da tsintsiya mai ƙarfi, ganyen bedi in ya zubo a tsince da hannu don kada ya danne ta. A nisanta ta da ruwan sabulu da takin zamani da maganin ciyawa. Mai son dasawa ya ɓamɓaro ɗan guntu da wuƙa cikin damina, ya danna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a inuwa, amma kada ya kwashe gaba ɗaya daga inda ya samo, don girmanta a hankali yake.

Akwai inda ni ma nake cewa a kankare. A bakin famfo da hanyar bayi tana sa santsi, kuma faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ne. In ta hau katangar ƙasa, alama ce ruwa na jiƙa ginin, sai a gyara indararo kafin a yi kuka. Masu cewa tana tara sauro kuwa, sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, a duba tsoffin tayoyi da gwangwanaye.

Ina kira ga malaman ilimin tsirrai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da su tura ɗalibai cikin marka su zagaya tsofaffin unguwanni da bakin rijiyoyi, daga nan har Daura, su tattara nau'o'in da muke da su a rubuce. Katsina na cikin jihohi 11 da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da kwararowar hamada, don haka masu raba dashen itatuwa su ma su riƙa faɗa wa jama'a su bar abin da ya rufe ƙasa a gindin dashen.

Na gode da wannan fili.

Tsohon malamin gona,
Ƙofar Sauri, Katsina