Godiya ga garejin da ya miƙe mini kan babur

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan garejin da suka gyara mini babur, musamman dattijon da ke kula da wurin, wanda yaransa ke kira Baba. Na yi masa godiya baki da baki, amma na ga ba ta isa ba.

Faɗuwa na yi a kan yashi ina shan kwana. Ba wata faɗuwar kirki ba ce, gwiwa kawai na ƙuje. Amma da na ɗaga babur na hau, sai na ga taya tana kallon gaba, kan babur kuwa ya karkace hagu. In ina son tafiya sak, sai hannun dama ya miƙe, na hagu ya lanƙwashe, kamar mai shirin shan kwanar da ba ta ƙarewa. Mako uku na yi a haka. Kafaɗata ta riƙe, kuma duk lokacin da na kama birki sai gabana ya faɗi.

Makanike na farko da na je wurinsa ya matse tayar tsakanin gwiwoyinsa, ya fizgi kan da ƙarfin tsiya, ko noti ɗaya bai kwance ba. Ya ce an gama. Kafin in isa gida abin ya koma gidan jiya. Na biyu ko taɓa babur ɗin bai yi ba. Daga inda yake zaune ya leƙo, ya ce shokozoba duka biyu sun lanƙwashe, sai an sayi sababbi. Na tambaye shi yadda aka yi ya gane, sai ya ce in ban yarda ba in ƙara gaba. Na kuwa ƙara.

Don haka da na shiga wurin Baba, na riga na shirya jin wata sabuwa. Sai ya tambaye ni: "Ɗana, ta wane ɓari ka faɗi?" Wallahi wannan tambayar kaɗai ta sanyaya mini rai, don babu wanda ya yi mini ita a baya. Ya sa aka ɗage gaban babur, ya juya tayar yana kallo ko tana rawa. Ba ta yi. Ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a jikin kowace sandar shokozoba, ya kira ni in duba da idona. Babu ko haske a tsakani. Sandunan lafiyarsu ƙalau.

Sannan ya yi mini bayani, bai ƙosa ba. Sandunan nan biyu a cikin maƙalai biyu suke, na sama da na ƙasa. Faɗuwar ce ta murɗe su a ciki, ɗaya ta ɗan yi gaba, ɗaya ta yi baya, shi ya sa kai da taya suka saɓa. Muddin notoci na ɗaure, in ji shi, fizga ba ta maganin abin. Ya sassauta notocin maƙalin ƙasa, da na ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, har da na madigadi. Na sama ya bar su a ɗaure, don kada babur ya zube a kan sandunan. Ya sauke shi ƙasa, ya daidaita kan da tayar, ya kama birkin gaba ya dinga danna shi ƙasa yana saki, har komai ya koma mazauninsa. Daga nan ya ɗaure, daga sama zuwa ƙasa. Yaran suka duba iska da sarƙa, aka miƙo mini makulli.

Ko ƙusa ɗaya ba a canza ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan da yawancin masu gyaran yanzu: sun mayar da canza kaya shi ne gyara. Guduma ce kayan aikinsu na farko, ita ce kuma na ƙarshe. Noti ko dai su bar shi yana lilo, ko su matse shi har haƙoransa su cinye. Ka yi tambaya, a yi maka kallon wanda ya zo koya musu aiki, alhali kai ne za ka ɗora ranka a kan tayar nan, wani lokaci har da iyalinka a baya. Da na biye wa na biyun nan, da yanzu na zubar da lafiyayyun shokozoba.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya yi wa yaranka albarka. Ka ce boris ɗin wuyan babur ya fara ɗan cijewa a tsakiya, kada in bari ya yi nisa. Ban manta ba, ina nan tafe farkon wata in Allah ya yarda.

Naka,
wani mai babur