Wasiƙa kan askar da kake son saya

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka cewa kana so ka sayi tsohuwar aska irin mai naɗewa cikin ƙota, ka fara aske gemunka da kanka. Wallahi na ji daɗi.

Kada kyan ƙota ko sunan maƙera ya ɗauke maka hankali. Askar Sheffield ta Ingila, irin su Wade & Butcher, da ta Solingen a Jamus, da ta Eskilstuna a Suwidin, duk ƙarfensu nagari ne, amma wadda aka wulaƙanta ba za ta yi maka amfani ba ko daga ina ta fito. Bakinta za ka fara dubawa. Ka ɗaga ta a haske, ka bi kaifin da ido daga gindi har kai. In ka ga tsaga, komai ƙanƙantarta, ajiye ta. Ƙaramin giɓi yana fita da wasawa, tsatsar da ke can wajen baya ma ana goge ta, amma wadda ta ci rami a kusa da baki za ta riƙa ɓarke kaifin duk lokacin da aka wasa. Sai ka juya ka dubi bayan. Idan ya baje sosai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, an sha wasa ta ba bisa ƙa'ida ba, kuma sau da yawa za ka tarar tsakiyar bakin ya lotsa ciki. Irin wannan tana wahalar da gwani ma, balle kai.

Wani abu kuma: tsofaffin ƙotoci da yawa na seluloyid ne, wato wani irin roba na da, in sun fara ruɓewa suna fitar da iskar da ke cin ƙarfe. Alamarsa ita ce tsatsa ta kwanta daidai inda ƙota ke rufe ruwan askar.

Faɗinta da kashi takwas na inci ake aunawa. Nemi 5/8 ko 6/8, mai zagayayyen kai. Mai kai mai kusurwa tana da kyan gani, amma ita ce ke tsattsage wa sabon hannu kunne da gefen hanci. Manyan nan masu kauri na da, bar su sai hannunka ya faɗa.

Ka kai wa wanda ya iya ya wasa maka ita a karon farko, don ka san yadda kaifi na gaske yake. Ka sayi fata mai araha ta goga bakin askar, domin sai ka yanke ta kafin ka ƙware. Wajen gogawa a kan fatar, bayan askar ne ke yin gaba, kuma a kan bayan ake juya ta. Bayan aski ka tsane ta sarai, ka ɗan shafa mai.

In ka ga wadda ta kwanta maka, turo mini hoton bakinta da bayanta kafin ka biya. Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Abokinka