Wasan Sallah a Damagaram: a buɗe mana ƙofofi tun kafin a rasa rai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ba ni ɗan fili, wata magana ce ke cina a rai tun ƙaramar Sallah, ga babbar Sallah kuma ta ƙarato, shi ya sa na ce bari in fito da ita tun ba a fara manna hotunan mawaƙa a bango ba.

Ni tela ne a unguwar Zango nan Damagaram, kuma ina cikin masu zuwa wasan mawaƙa, ba abin ɓoyewa ba ne. Fadarmu mu tara ne. Tun tsakiyar azumi muke fara tara kuɗin tike, in an zauna shayi bayan tarawi kowa ya ajiye dala ashirin ko arba'in, wanda ba shi da ko dala a rufa mishi asiri a saya mishi, dan ba ma tafiya mu bar mutum a baya. Duk wanda ya san ɗinki ya san goman ƙarshe ba barci muke ba, kan keke muke kwana, ranar idi ma wani lokacin da zare a riga muke zuwa masallaci, to mu wannan daren wasan shi ne Sallarmu. Biyu daga cikinmu a Agadas suke nema, sau ɗaya ko biyu suke zuwa gida a shekara, a wajen nan ne kawai za ka gan mu mu tara cif kafaɗa da kafaɗa. Wallahi in mawaƙi ya miƙo makirfo wajen jama'a, fili gaba ɗaya ya amsa amshi da murya ɗaya, sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, abin da salula ba za ta taɓa ba ka ba kenan ko da wace irin bafil ka jona ta.

To amma abin da ya same mu bana ya sa na kasa yin shiru. Ba zan kama sunan wuri ko masu shirya wasan ba, dan ba su kaɗai ke yin haka ba.

An rubuta ƙarfe takwas. Muka yi isha'i muka hau kabu-kabu, muka tarar da jama'a maƙil a waje, babbar ƙofa a rufe da kwaɗo, ƴar ƙaramar kawai aka buɗe wadda mutum ɗaya ke wucewa, maza da mata da masu tiken jika ɗaya da na jika biyar duk ta nan, mutum biyu ne ke yaga tike, kuma a gefe ana ta sayar da wasu tikitin kamar wurin ba ya cika. Mun fi awa guda a tsaye. Can sai aka saki waƙar baƙon mawaƙin a ciki, ashe gwajin kayan sauti ne, na baya suka ɗauka ya hau dandamali, sai kawai aka danno. Edita ban san yadda zan kwatanta maka ba, ƙafata ta bar ƙasa, ina tafiya ba ni ke tafiyar ba. Muna tare da ƙanen abokina yaro ɗan shekara 15, karon farko kenan da aka bar shi ya bi mu, yana gabana an matse shi da ƙarfen ƙofa, ina ganin bakinshi a buɗe amma ba sauti. Wata yarinya hijabinta ya sarƙe ta baya yana shaƙe ta. Masu tsaron ƙofa kuma da suka ga abin ya fi ƙarfinsu sai suka hau dukan na gaba da bulala, na gaba na ja da baya, na baya da ba su san me ake ciki ba suna ƙara turowa, mu na tsakiya mu ne a turmi. Da ƙyar muka ɗaga yaron sama wasu bayin Allah da ke kan katanga suka janye shi. Ya fi minti goma bai dawo daidai ba, ba motar asibiti, ba ma'aikacin lafiya ko ɗaya, wata mai sayar da ruwan leda ce ta yi ta zuba mishi a kai kuma ta ƙi karɓar kuɗi, Allah Ya saka mata. Mawaƙin bai fito ba sai bayan sha biyun dare, mu lokacin muna gida muna ba uwar yaron haƙuri.

Alhamdulillahi ba a rasa rai ba. Amma a wasu wuraren an rasa, kuma kusan duk ta wannan hanyar. A Konakiri ta ƙasar Gini, watan Yulin 2014, wasan mawaƙa ne na bikin ƙaramar Sallah a bakin teku, irin namu sak, sama da mutum 30 suka mutu a turmutsitsi, da yawansu yara. A Kinshasa cikin Oktoban 2022 mutum 11 suka rasu a wasan mawaƙi a babban filin ƙwallo da aka cika fiye da ƙima, har da ƴan sanda biyu. Amurka da duk kayan aikinta, a Houston a 2021 mutum 10 suka mutu, shi ma a wasan mawaƙa. Mu nan gida ma ba mu manta da Difa ba a Fabrairun 2020, duk da can rabon tallafi ne, kusan mutum 20 yawanci mata da yara a bakin ƙofa. Mutane na ɗauka sai an faɗi an tattake ka ake mutuwa, a'a, a tsaye ma ana mutuwa, ƙirji ne ake matsewa ya kasa buɗewa ya ja iska, ni na gani a fuskar yaron nan.

Na san akwai masu cewa a hana wasannin kawai a huta, har a cikin iyayenmu, kuma ina girmama su, tsoro ne da kishin tarbiyya ke sa su faɗa. Amma garin nan cike yake da samari, Kano na nan kusa mawaƙa ba za su daina zuwa ba, namu na gida ma suna tasowa, in an hana a fili za a koma yi a lungu inda ba mai sa ido. Mun iya tara jama'a ai, hawan Sallah a ƙofar fadar Sarki da kokawa a filin Langa-Langa duk taro ne na dubbai.

Roƙona ga hukumar gari mai ba da izini, kar a sa hannu a takarda sai an je an ga wurin da ido, mutum nawa yake ɗauka, a buga tike daidai wannan adadin, in ya ƙare ya ƙare. A buɗe ƙofofi tun bayan magariba, ta mata daban, kuma a bar su a buɗe ba kwaɗo har a tashi dan fita ma tana da nata haɗarin. Cikin kuɗin da ake tarawa me zai hana a ajiye motar asibiti ɗaya da ƴan agaji a bakin wuri? Bulala kuma dan Allah a ajiye ta, a ba mai ƙofa lasifika ya yi wa na baya magana su san abin da ke faruwa a gaba. In an ce takwas a fara ko da tara ne, jiran nan na awa huɗu shi ke harzuƙa mutane, shi ke sa ƴan mata komawa gida ƙarfe biyun dare suna neman abin hawa.

Mu ma samari muna da namu laifin, masu haura katanga da masu zuwa ba tike su tsaya a ƙofa suna jiran a ɓalle su ne ke fara turin, kuma mun san su, ƴan unguwanninmu ne. A fadarmu dai mun yanke ba za mu ƙara ɗaukar yaro ba, in kuma muka je muka ga ƙofa ɗaya ce a buɗe za mu juyo ko da tike a hannu. Mun fara tara na babbar Sallah tun satin da ya wuce, ƙanen abokin nawa ya kawo dala ashirin ɗinshi muka mayar mishi.

Na gode.

Naku,
Wani tela daga Zango, Damagaram